Layar Sojan da Aka Saka a Teku

Shekarar da bizata ta ƙare muna zaune a wani flat a unguwar Deptford ta Ingila, ni da matata. Duk wanda ya kalle ni sau biyu sai in ɗauke shi ɗan rahoto, balle tsohon Baturen da tagarsa ke kallon tamu. Da na shimfiɗa sallaya sai labulensa ya motsa. Na tsane shi, ba ɓoye-ɓoye.

"Wallahi, Malam, tsohon nan zai yi reporting ɗinmu," in ji matata. "Dubi idonsa kamar na mage."

Wata Asabar tsohon ya tare ni a kasuwa ina rungume da doya, ya tambaye ni ko ni Bahaushe ne. Bai jira amsa ba ya hau zuba. Wai mahaifinsa mai zuba kwal ne a wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila, irin masu saurin nan na sintiri. Jirgin ya yi gadin gaɓar Afirka ta Yamma a yaƙin duniya na farko, ya yi luguden wuta a garin Duwala, ya kwashi sojojin Hausa zuwa gabashin Afirka, daga baya aka sayar da shi aka farfasa. Ni dai ina ta jiran inda zai ɓullo da maganar takardu.

Sai ya zaro wata laya daga aljihu, fatarta ta yi baƙi ƙirin. Ya ce ta wani soja ce da zazzaɓi ya kashe a hanya. Ma'aikatan jirgin suka ɗinke shi a tamfol suka saka a teku, layar ta rage a hannun mahaifinsa.

Ban karɓa ba. Wa ke karɓar layar da bai san abin da ke cikinta ba, a hannun wanda bai sani ba? Na ce, "To me ya sa kake leƙena?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce sojoji 'yan uwan mamacin sun yi ta nuna wani gefe suna roƙo kafin a saki gawar, ba wanda ya gane, aka jefa ta ta ɗaya gefen. Abin ya tsaya wa mahaifinsa a rai har ya mutu. Shi ya sa yake duba inda nake fuskanta in ina salla.

Matata ta ce dabara ce kawai, kada layar ta shigo mata gida. Ni ma na yi makonni ina jiran hukuma ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, amma ba wanda ya zo.

Ranar da na yarda da shi, a bakin kogi muka haɗu bayan azahar. Ya miƙo layar na ajiye ta a gabana, na nuna masa alƙibla, na yi wa mutumin sallar gawa. Tsohon ya cire hula ya tsaya a bayana. Da na sallame na tambaye shi sunan sojan. Ya ce ba wanda ya taɓa tambaya a jirgin.