Da Sauƙi, In Ji Su

Innata ba ta taɓa gane aikina ba, kuma ban ga laifinta ba. In ƙawayenta suka tambaye ta me 'yarta take yi a Malesiya, sai ta ce likita ce amma ba ta yin allura, hira take yi da mutane su warke. Da na ce mata yanzu kuma ina neman lasisin da zai ba ni damar duba aikin masu koyon wannan hirar, sai ta ce, "Wato jarrabawa dai." Na ce i, jarrabawa. Ta ce, "Ke har yanzu ba ki gama da jarrabawa ba, ga furfura ta fara leƙowa?" Daga ranar sunan abin ya zama jarrabawa a gidanmu na Zariya.

Ina aiki ne a ɗakin kula da lafiyar tunani na wata jami'a a Bukit Jalil. Na daɗe ina ganin masu damuwa, amma sa ido a kan ɗalibi mai koyon aikin wani abu ne daban, kuma ba a yarda ka yi shi da ka ba. Sai ka zauna aji an koya maka, sannan a ba ka ɗalibai kana duba su, wani babba kuma yana duba ka. A ƙarshe sai a turo mai tantancewa ya zauna a kusurwar ɗaki, kai da ɗalibinka kuna tattauna wani marar lafiya, shi yana kallo bai ce uffan ba. Wadda aka turo mini wata farfesa ce 'yar asalin Indiya, tsohuwa mai ƙaramin jiki, wadda murmushinta sai an roƙa. An sa mana ranar Alhamis. In ranar ta wuce ni, sai na jira wani zagayen, ban kuma san yaushe ba.

A tsakanin nan Inna ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Na ce ina tafe, jarrabawar ta jira. Sai ta karɓi wayar daga hannun ƙanena, wanda shi ke zaune da ita, ta ce, "In kika baro jarrabawar nan kika taho, ba da yawuna ba." Na ce, "Haba Inna." Ta ce babu wani haba, ta miƙa masa wayarsa. Wanda ya san Inna ya san an rufe magana. Na sayi tikitin ranar Juma'a, washegarin jarrabawar, na zauna da tambaya ɗaya a raina: zan same ta ko ba zan same ta ba.

Gaskiya ban yi kuka ba a kwanakin nan, ban ma ji tsoro ba. Wani irin shiru ne ya shige ni. Da safe maigidana ya sauke ni a tashar Titiwangsa, in shiga jirgin ƙasa in tsaya riƙe da ƙarfe har Bukit Jalil, in yi aiki, in dawo gida a Danau Kota in dafa wa yara abinci. In ci, ba na jin gishiri. Na san sunan wannan yanayin a littafi, ina ma koyar da shi, amma sanin sunan bai ƙare ni da komai ba.

Kullum bayan la'asar nake kiran gida, lokacin su hantsi ne. "Ya jikin Inna?" Ƙanena ya ce, "Da sauƙi, Yaya." To ni Bahaushiya ce, ba za a sayar mini da wannan ba. Sai in bi shi da irin tambayoyin aikina: me ta ci da safe, a tsaye ta yi salla ko a zaune, wa ta yi wa faɗa yau. Shi kuma ya amsa dalla-dalla. Ta sha koko rabin kofi, ta yi salla a zaune, ta yi wa matarsa faɗa a kan an bar buta a hanya. In na ji ta yi faɗa sai hankalina ya ɗan kwanta. Har ina yaba wa kaina, wai ni ba a rufe ni.

Ranar Laraba, jajiberin jarrabawar, na kira na ji hayaniya a bayansa, muryoyin maza da yawa. Na ce, "Wace irin jama'a ce haka?" Ya ce, "Masu dubiya ne." Na ce ya ba ni ita. Ya ce, "Ta samu barci, Yaya, kada mu tashe ta." Na ce to, in ta farka a ce mata gobe ne, ta sa ni a addu'a. Ya ce za a faɗa.

Da safiyar Alhamis maigidana ya tsaya a wani shagon mamak, na Indiyawa Musulmi, ya sayo mini shayi da roti, irin gurasarsu, abin da bai saba ba. Na ce, "Yau kuma wace rana?" Bai yi dariya ba. Ya ce in bar wayata a wurinsa kada ta ɗauke mini hankali. Na ba shi.

Ɗalibata wata yarinya ce Bamalayiya, mai natsuwa, mai tsoron kuskure fiye da kima. Wanda ta kawo mu tattauna a kansa wani ɗalibi ne daga arewacin Najeriya da ya zo karatun digiri na uku. Ban san sunansa ba, ban taɓa ganin fuskarsa ba, haka ƙa'idar take. Ya zo mata da rashin barci da nauyin ƙirji. Tana ta murna, ta ce ya samu lafiya sosai, domin duk zuwan da zai yi in ta tambaye shi, da Turanci yake ce mata abin ya yi sauƙi, an gode wa Allah. Tana so ta rage yawan ganinsa.

Kai, ji na yi kamar in ce mata ke dai ba ki san mu ba. Amma abin da farfesar ta zo gani ke nan. Mai sa ido ba ya miƙa wa ɗalibi amsa a hannu, kuma ba ya ƙwace masa marar lafiya. Sai na tambaye ta, a nan ƙasar in maƙwabciya ta gamu da ke a bakin lif ta ce sudah makan, wato kin ci abinci, me kike cewa? Ta ce sai in ce na ci. Na ce ko da ba ki ci ba? Ta yi dariya ta ce, "Gaisuwa ce kawai, Dokta." Sai dariyar ta tsaya mata a rabi. Ta dube ni ta ce, wato shi ma gaishe ni yake yi?

Na ce mata a wurinmu ana tambayar jiki a ce da sauƙi ko mutum yana gargara, domin faɗin akasin haka kamar kai ƙarar Allah ne wurin mutum. Na ce to yanzu me za ki tambaye shi? Da kanta ta jero: me ya ci jiya, ya je masallacin Juma'a, yaushe rabonsa da kiran gida. Na ce ƙwarai, irin waɗannan ba a amsa su da gaisuwa. Da ƙarfin gwiwa na faɗi haka. Na ga farfesar ta gyaɗa kai sau ɗaya. Da za ta fita ta ce mini hukuma za ta aiko da sakamako, amma in je in yi barcina.

Na dawo Danau Kota wajen la'asar. Lif ya buɗe, na hango takalma a ƙofar gidanmu, na mata, sun cika baranda har sun kai ƙofar maƙwabta. Na tsaya ina kallon su. Ba a suna a gidana, ba a biki, kuma matan Hausawan garin nan ba sa haɗuwa haka ranar aiki. Na cire nawa na ajiye a gefe, na ma daidaita su.

A falo na tarar da matar limaminmu da wasu mata a ƙasa, maigidana a tsaye jikin taga. Matar liman ta ce, "Zo ki zauna kusa da ni, 'yar'uwa." Na zauna. Ta kama hannuna ta ce sai haƙuri, Inna ta riga mu gidan gaskiya. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce yau? Maigidana ne ya ce, "Tun Talata." An yi mata sutura a ranar. Manya a gida suka ce tunda ba zan riski jana'iza ba ko na tashi a lokacin, a bar ni in gama, haka ita ma ta so. Har wani sabon zaure suka buɗe a waya, babu ni a ciki.

Matan suna jira in fashe da kuka su riƙe ni. Na nemi kukan ban same shi ba. Na nemi fushi, shi ma babu. Na tashi na shiga kicin na ɗora ruwan shayi, domin ga baƙi a gida.

A Zariya ƙanena ya kasa haɗa ido da ni. Da muka keɓe ya ce, "Yaya, ita ta sa ni. Ta ce ta san irin tambayoyinki, in riƙa shirya amsa tun kafin ki kira." Kokon da sallar a zaune duk shiri ne. Faɗan butar ma ita ta ƙirƙiro shi tana kwance, ta ce in na ji shi zan yarda. Na ce masa ba komai. Da gaske nake, babu abin da na ji. Saƙon hukumar ya shigo wayata ana cikin sadakar bakwai, an ba ni lasisin. Na karanta, na mayar da wayar jaka, na ci gaba da raba waina.

Da jama'a suka ragu, Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu wadda ta yi jinyar Inna, ta kira ni ɗakin marigayiyar. Ta ce kullum in Inna ta buɗe ido tambayarta ɗaya ce, yarinyar nan ta yi jarrabawar? Su ce tukuna. Ranar Talata da hantsi ta sake tambaya, muryar da ƙyar ake ji.

Gwaggo ta ce, "Na duba na ga ba za ta kai Alhamis ba. Sai na ce mata kin yi, kin kuma ci. Ta ce alhamdulillahi, to ku ce mata ta taho."

Na zauna a bakin gadon. Na ce, "Gwaggo, ai lokacin ban ma shiga ba."

Ta ce, "Na sani."