Subiyar Baba Isah

Shekara talatin da ɗaya Baba Isah ya yi yana tuƙa bas daga Bi'ir Ali, miƙatin mutanen Madina, zuwa Makka. Kakansa ne ya zo da ƙafa daga Damagaram, shi kuwa a Madina aka yanke masa cibiya. Da ciwon gwiwa ya sa ya ajiye tuƙi, mutanen layinsu a unguwar Khalidiyya ta Madina sun ɗauka zaman ƙofar masallaci zai koma kamar sa'o'insa. Sai ga shi ya hau saman gidansa, ya gyara ɗakin da a da yake kiwon tattabaru, ya sa masa kwaɗo.

Kaya aka fara gani suna hawa: buhun sha'ir, ganguna biyu na roba, tiyo, tsohon firji da aka ja da igiya. Har mukayyif ya sa, na'urar sanyaya ɗaki, a ɗakin da ba mai kwana ciki. Kafin watan Rajab ya raba, wani wari mai tsami ya fara saukowa ta matakala.

Malam Shittu, ɗan Zariya mai karatun digiri na uku a jami'a, shi ke zaune a hawa na biyu na gidan da iyalinsa. Ya taɓa ratsa unguwar da ake dafa burkutu a gida, kuma hancinsa bai manta ba. Ya dai sa ido. Bayan kowace salla Baba Isah zai hau, ya rufe ƙofa, ya fito yana goge baki. Rannan da azahar Malam Shittu ya hango shi ta taga yana juye jarka biyu a magudana, yana waige-waige.

Kwana uku maganar na cinsa. Ya san idan ta kai kunnen hukuma a garin nan, ba ƙaramin abu ba ne. Sai ya tafi wurin Hajiya Ƙaltume, yayar Baba Isah, wadda ke gidan da ke kallon nasu.

"Ni ma ina kallonsa, Malam," in ji ta. "Isah bai taɓa ɓoye min komai ba sai ɗakin nan. Tashi mu je."

Bayan la'asar suka hau. Ta buga ƙofa da sandarta.

"Buɗe, Isah."

"Yaya, ina aiki ne."

"Aikin nake so in gani."

Ya buɗe. Ɗakin sanyi ƙalau. Ma'aunin zafi na rataye cikin kowace ganga, ga kwalabe jere a kan katako, kowace da takardar da aka rubuta sa'ar da aka jiƙa ta. Baba Isah ya dubi Malam Shittu, ya dubi yayarsa, nan take ya gane abin da ya kawo su.

"Subiya ce," ya ce a hankali. "Ta Inna nake nema."

Mahaifiyarsu ta yi shekaru tana sayar da subiya da azumi, jiƙon sha'ir da ake tacewa a sa sukari da kirfa a sha da sanyi. Ta rasu ba wanda ya rubuta yadda take haɗa tata. Sau goma sha huɗu ya gwada, in ji shi, ba wadda ta yi kama.

"Wadda kuka zubar fa, Baba?" Malam Shittu ya tambaya.

"Khaibar na je jana'iza, mukayyif ya tsaya a bayana. Na dawo na tarar da ganga tana tafasa ita kaɗai, tana kumfa. Ko ɗanɗanawa ban yi ba. Abin nan idan zafi ya same shi ya wuce kwanakinsa, ya zama wani abu daban. Shi ya sa nake kullewa, kada wani ya sha wadda ban tabbatar da ita ba."

Hajiya Ƙaltume ta bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, ta tsoma yatsa cikin ta ƙarshe ta lasa.

"Wa ya ce maka zabibi Inna ke sawa? Busasshen burodi ne, da tafi ɗaya na gero da take samu wurin mutanen Nijar. Tulun kuma cikin jiƙaƙƙen yashi take binne shi, ta kara kunne ta ji ko ya fara magana."

"Kin sani, Yaya?"

"Ni ke tace mata. Ka tambaye ni?"

Ya tsiyaya wa Malam Shittu a kofi. Malam ya riƙe ya daɗe yana kallo, ya tambayi awa nawa ta yi. Aka ce talatin. Ya sha rabi, ya nemi gafara.

"Da ni na ji warin, haka zan zata," in ji Baba Isah. "Amma da ƙofata ka fara bugawa, Malam."

Ashe maganar ta riga ta fita. Malam Shittu ya rantse Hajiya kaɗai ya gaya wa, ita ma ta ce bakinta bai taɓa ta ba. Da azumi ya kama, Baba Isah ya riƙa aika subiya gida-gida kafin magariba, wadda aka haɗa da gero. Yawanci sun sha sun yaba. Gidaje biyu suka dawo da tasu ba a buɗe ba, da saƙon godiya.

Har yau bai san wanda ya kai musu labarin ba, kuma yakan daɗe yana duban fuskokin mutane a sahu. Bana da dabinon Khaibar yake gwaji a madadin sukari. Hajiya Ƙaltume na hawa kowace safiya ta kara kunne a ganga, don ta ce ba ta yarda da ma'aunin ba.