Rangwamen da Baba Ya Yi wa Hawan Jininsa

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗoriya a jirgin ƙasa mai kwal. Ya fara da zuba wa wuta kwal, har ya kai ga riƙe kan jirgi da kansa. Da ya yi ritaya ya dawo ya zauna a gidanmu na Tudun Wada, sai ya zo mana da wata fahimta da ba mai iya raba shi da ita: komai na duniya tukunya ce da bututu. Cikin mutum tukunya, gwamnati tukunya. Ko Inna, mahaifiyarmu, in ta hau faɗa, cewa yake tururi ne ya taru, a ba shi hanya ya fita.

Wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin ya fara ciwon ƙeya da jiri. Sai da Inna ta yi sati tana mita kafin ya yarda a je asibiti, ni kuma aka ce in raka shi in yi tafinta. Likitan Ba'indiye ne mai saurin baki, Turancin Baba kuwa na loko ne, wato na garejin jiragen ƙasa, rabinsa umarni rabinsa zagi. Lokacin ina sabon malamin makaranta, ina jin duk faɗin Minna ba wanda ya kai ni Turanci.

Likita ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya matsa, ya saurara, ya ce jininsa ya hau sosai. Baba ya dubi hannunsa, ya dube ni.

“Tambaye shi, a ina zuciyar take?”

“Baba, ai ya sani.”

“Na ce ka tambaye shi! Mu a jirgi, agogon awo a jikin tukunya yake. Ba wanda ke zuwa ƙarshen bututu ya auna tururi sai wanda bai san aiki ba. Ya za a yi ya matse min hannu ya ce ya san abin da ke ƙirjina?”

Na fassara ina jin kunya. Ga mamakina likitan ya ajiye biro, fuskarsa ta washe, da alama ya daɗe bai samu mai yi masa gardama mai ma'ana ba. Ya ce tsohon yana da gaskiya. Ƙarfin bugun jini a damtse ba daidai yake da na babbar jijiyar da ke bakin zuciya ba. Yayin da jini ke nisa da zuciya yana shiga ƙananan jijiyoyi, bugunsa kan ƙara tsini, don haka awon hannu yakan ɗara na ciki. Na juya wannan zuwa Hausa har da ƙarin gishiri, ina kallon Baba yana gyara zaman hularsa. Ban taɓa jin daɗin Turancina kamar a wannan minti ba.

Sai likita ya ɗaga yatsa ya ci gaba. Ya ce wannan tazara ta masu jijiya mai laushi ce, wato samari. Shi kuwa mahaifina, tsufa da hawan jini sun sa jijiyoyinsa sun yi tauri, tazarar ta kusa ɓacewa. Abin da aka gani a hannunsa, kusan shi ne zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa ke sha dare da rana. In bai riƙe magani ba, wata rana wani abu zai fashe.

Wannan ɓangaren ban fassara shi ba. A gidanmu ba a taɓa ce wa Baba ya yi kuskure ba, balle ɗan cikinsa ya dube shi a gaban baƙo ya ce masa ya tsufa, bututunsa sun bushe. Ga shi yanzun nan ya kayar da likita, yana ta murmushi.

“Me ya ƙara cewa?” in ji Baba.

“Ya ce dai a riƙa kula, a kuma sha magani.”

“To, madalla. Ka ce masa ya iya aikinsa.”

Kafin sati ya zagayo labari ya cika majalisar tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke zama a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Baba ya zama babban likitansu. Kowa ya dawo daga asibiti sai ya kawo masa katinsa, shi kuma ya sa tabarau ya yi masa rangwame. Mai ɗari da tamanin ya koma ɗari da hamsin. Wanda ya fi kusa da shi yakan samu ragin arba'in. Ban san inda ya samo ma'aunin ba, ina jin ya danganta da irin gaisuwar da mutum ya yi.

Akwai amininsa, wani Kirista mutumin Gwada da suka yi aiki tare tun suna samari. Shi ya fi kowa murna. “Matana ya hana ni gishiri, ya hana ni tsire,” in ji shi. “Yanzu na gaya masa, wannan lamba na hannu ne, ba na ciki ba!” Daga ranar mai tsiren bakin titi ya san da zaman majalisar. Ƙwayoyin Baba kuwa suna kan taga cikin takardarsu, yakan sha ɗaya in Inna ta tsare shi da ido.

Ni ina ji ina gani. Sau uku ina shirya maganar a raina, in zo in durƙusa, sai in ƙare da tambayarsa ko yana da saƙo kasuwa. Na ce wa kaina sai ranar da ya tashi da fara'a. Da ya tashi da fara'a, sai na ce ba zan ɓata masa ita ba. Tsoro ne kawai, na sa masa suna ladabi, kuma ya karɓi sunan har kusan shekara biyu.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa. Kafin mu kai shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Ya rayu, amma bai ƙara taka ƙofar gida da ƙafarsa ba. Majalisa ta watse a hankali, kowa ya koma kan lambar asali da ke katinsa. Amininsa na Gwada ya zo dubiya, da zai tafi na ga kwalbar magani a aljihun rigarsa.

Bayan wata uku maganarsa ta fara dawowa. Wata ranar Juma'a ina yi masa aski a tsakar gida, na kasa ci gaba, na ajiye askar. Na gaya masa duk abin da likita ya faɗa a ranar, har da taurin jijiya da tsufan, ban rage ko kalma ɗaya ba. Na ce ni na ɓoye, ya yafe mini.

Ya daɗe yana kallon hannunsa da ke kwance a cinyarsa. Sannan ya yi magana a hankali, kalmomin suna fita da ƙyar.

“Da ka faɗa a gaban mutumin nan, da na mare ka.”

“Na sani, Baba.”

“Da na mare ka,” ya sake cewa, “sannan in dawo gida in sha maganin.”