Bashi Kasuba, Surin Mayo da Jan Zakara

Mijin Mwenya yayata, wanda kowa ke kira Bashi Kasuba, wato Baban Kasuba, saboda 'yarsu ta fari, mutum ne da ba ya iya ganin abu a tsaye ya ƙyale shi. Tulin gawayi a kasuwar Chingola, buhunan masara a shago, hatta nshima, tuwon masararmu, in an kwashe ta ta yi tsini a kwano, sai ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Wannan ba za ta kai ba." Ni kuwa da na ga ya fara karkata kan nan sai in ce, "To, likitan duwatsu, yau kuma wa za mu binne?" Ba ya fushi. Sai dai ya sa cokali ya danne tsinin tuwon, sannan hankalinsa ya kwanta ya ci.

Aiki ne ya mai da shi haka. Tun yana saurayi yake aiki a babban ramin haƙar jan ƙarfe, a sashen da ke duba bangon rami. Kafin a faɗaɗa wani gefe, injin huda ƙasa ke zaro musu dutse dogo kamar rake, su jera a akwatuna, shi kuma ya bi da tafin hannu yana neman tsaga: ina ta dosa, akwai laka a ciki, ruwa na bi? Da wannan injiniyoyi ke yanke yadda bangon zai kwanta. In ya miƙe da yawa, wata rana ya zaftaro kan mutane. In ya kwanta da yawa, a ƙare rayuwa ana kwasar ƙasar banza. Kullum yana ce mana abu uku ke kayar da bango: tsaga a ka, ruwa a ciki, da mai haƙa a gindi. Mun ji har mun haddace, Kasuba ma tun tana ƙarama take kwaikwayonsa.

Abu ɗaya ne ya fi bangon rami ba shi tsoro, shi ne mahaifiyarmu, Mayo. Shekara fiye da ashirin da auren nan, bai taɓa yi mata magana ido da ido ba, ita ma haka, domin ba ta yi masa bikin shigar da suruki ɗaki ba tukuna. In sun yi kiciɓis a hanya, shi zai faɗa ciyawa ya durƙusa yana tafa hannu, ita ta juya baya tana gaida bishiya. Akwai ranar da ya faɗa cikin ƙaiƙayi garin ba ta hanya, ya yi ta susa har dare bai ce uffan ba.

To, a bayan gidan Mayo akwai suri, irin manyan nan namu da bishiya ke tsirowa a kai. Ta ce jan bulo za ta yi da ƙasarsa, ta gina wa jikoki ɗaki. Ta ɗauko samari biyu da diga, suka kama haƙa daga gindi, domin a nan ƙasar ta fi laushi. Kafin damina ta sauka sun yi kogo, saman yana leƙowa kamar rumfa. Mayo ta ga inuwa mai sanyi, ta mai da wurin falonta. A nan take kai kujerarta ta zauna tana ɓare gyaɗa.

Ranar da Bashi Kasuba ya fara gani, wallahi na zaci zazzaɓi ya kama shi. Ya zagaya ta baya ya hau, ya sauko fuska a murtuke. Ya ce da yayata, "Akwai tsaga a sama, hannuna na shiga. Ki gaya wa su Mayo su daina zama a can."

Yaya ta je ta ce, "Mayo, surukinki na gaisuwa, ya ce aikin nan ya yi miki yawa, ki riƙa hutawa a ɗaki." Ni na je na faɗa yadda ya faɗa, ba ragi. Mayo ta tofar da ɓawon gyaɗa ta ce, "Wanda ke tsoron tuwo? Surin nan ya girmi raminsu."

Sai ya koma kan zakara. Mayo na da wani jan zakara mai taƙama da take kira Kapitao, don yana tafiya kamar shugaban leburori. Bashi Kasuba ya durƙusa a bakin shinge, ya ba Mayo baya, ya ɗaga murya.

"Kapitao, ina kwana? In da ni ne kai, ba zan ƙara kiwo a ƙarƙashin rumfar can ba. An cinye mata ƙafa, ga tsaga a kai, ga ruwa tafe."

Mayo ba ta ɗago ba. "Kapitao, ka gaya wa wasu mutane mun gode. Ka ce musu gara ce ta yi ginin nan, ba kamfani ba."

"Kapitao, ka ce gara ba ta haƙa gindin gidanta."

"Kapitao, ka ce abinci na ɗakin Mwenya, kar ya huce."

Ni dai na kwanta a ƙasa don dariya. Shi kuwa zakaran, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya bi kaza.

Bai haƙura ba. Ya kafa fegi biyu a saman surin, ɗaya kowane gefen tsagar, ya ɗaura zare a tsakani, yadda suke yi a rami don su ga ko ƙasa na tafiya. Da ya dawo, ya tarar Mayo ta ɗaura igiyar shanya a ɗaya fegin, zannuwanta na kaɗawa. Ta ce da Kapitao ya yi wa mai aikin godiya, fegin ya kafu da kyau. Sai ya kafa wasu cikin ciyawa inda ba ta gani.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Ran wata Lahadi bayan coci muka taru a gidan. Mayo ta ɗau kujera da kwandon gyaɗa ta shige kogonta. Bashi Kasuba ya hau surin da takalmin coci, ya tarar zaren ya tsinke. Da ya sauko, ya ga ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan daga bakin rumfar, tana sauka kusa da ƙafar Mayo. A rami, in an ga haka jiniya ake busawa.

"Ina Kapitao?" Abin da ya fara tambaya ke nan, na rantse. Ya waiga dama, ya waiga hagu, zakara ya tafi yawon maƙwabta.

Sai kawai muka ga mutumin nan ya zura da gudu, ya sunkuci Mayo da ita da kujerar, ya rungumo su ya taho tsakar gida. Mayo na ihu, "Wayyo! Jama'a! Mwenya, mijinki!" Ya dire ta a gindin mangwaro, ya zube ƙasa yana haki. Duk muka juya muna kallon suri.

Suri na nan tsaye, ko gezau.

Mayo ta gyara ɗaurin zaninta, ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Kafin yamma matan coci sun ji cewa Bashi Kasuba ya ɗauki surukarsa kamar buhun masara. Abokan aikinsa suka riƙa tambayarsa ko nauyinta ya kai a sa a lissafi. Mayo kuwa don fushi ta ƙi fitowa, ko kwandon gyaɗarta ba ta koma ta ɗauka ba. Na je in tsokane shi, na same shi zaune tuwo a gabansa bai taɓa ba, tsinin ma bai danne ba. Tausayinsa ya kama ni. Ya ce, "Ƙanwata, in ta tsane ni tana da rai, na yarda."

Tsakiyar mako, da rana tsaka, ba ruwa ba iska, muka ji dim! Kwanuka suka yi ƙara a kan kanta. Rabin surin ya zauna a kan kogon. Har yau ba mu ga kwandon gyaɗar nan ba. Mayo ta fito ta daɗe tana kallon wurin, hannunta a ka.

Ran Asabar ta aika a kira shi. Ta tara dangi, an yi girki tun safe, an dama munkoyo, kunun da muke yi na biki. Ya zo ya durƙusa nesa da ƙofa, yana ta leƙe-leƙen inda zakara yake. Mayo ta fito, ta tsaya a gabansa, ta dube shi tsakiyar ido.

"Shigo, ɗana."

Ya tashi ya bi ta ciki. Ta zaunar da shi, ta buɗe kwanon miya da hannunta. Ga cinya, ga ƙundu, ga kai har da jan tukku.

"Kapitao ya yi ritaya," in ji ta. "Daga yau in ka ga abu zai faɗo mini, ka gaya mini da bakinka."

Babban mutum da furfura, sai ga hawaye. Mu ma duk muka kama share ido. Sannan ta buɗe kwanon nshima, wadda ta tula da gangan ta yi mata tsini kamar hasumiyar coci. Muka ga kan nan ya fara karkata, ido ɗaya na rufewa. Ya yi maza ya sunkuyar da kai.

Mayo ta ce, "Faɗi mana, ina ji."

Ya share fuska, ya dube ta. "Mayo, wannan ba za ta kai ba."

Ta miƙa masa cokali.