Dankure Ya Ga Gulbi a Ƙirjinsa

Tamba Labbo Dankure ya rasu ranar Talata, 14 ga Fabrairu, 2012, a Gulma ta ƙasar Argungu. Masunci ne ɗan masunci, kuma a tsawon rayuwarsa ba a taɓa jin ya ce wa wani mahaluki "ka yi gaskiya" ba, sai fa limami, shi ma ranar Juma'a kawai.

Shekarar da aka sami 'yancin kai yana saurayi majiyin ƙarfi. Ba a jima ba wasu ma'aikata masu gajeren wando suka sauka a fadama da igiyar awo, suka ce za a buɗe wata ƙorama da yashi ya toshe, domin ruwa ya kai ga gonakin shinkafa. Dankure na cikin waɗanda aka ɗauka haƙa. Da aka buɗe, ruwan tafkin da mahaifinsa ke su a ciki ya bi sabuwar hanya ya tsiyaye ƙaf, kifi ya bi shi. Daga ranar ya yanke hukuncin da ya riƙe shekara hamsin: abin da ruwa ya toshe da kansa, ruwa ya san dalili, kuma duk mai takardar da ya zo buɗewa ɓarna ta kawo shi.

Da girma ya kama shi, sai ƙirjinsa ya riƙa ɗaurewa idan ya tuƙa kwalekwale. 'Yarsa Riskuwa, wadda ke aure a Badariya cikin Birnin Kebbi, ta kai shi asibiti. Daga can aka tura su wani babban asibiti mai nisa, inda ake ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya.

An hana shi karin kumallo. An ba shi wata riga mai buɗaɗɗen baya, wadda ya ce ko mahaukacin kasuwa ba zai karɓe ta kyauta ba. Ya hau siririn gado, ya yi kalmar shahada, yana jiran a sumar da shi a feɗe. Sai ya ji likita ya gaishe shi da harshen Katsina. Kabawa da Katsinawa kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni.

"Subhanallahi! Bakatsine anka ba ni?" in ji Dankure. "Ku kira min ɗiyata in yi wasiyya."

"Kwantar da hankalinka, bawana," in ji likita. "Ba yanka ba ne, ko barci ba za ka yi ba. Allura zan yi maka a wuyan hannu wurin ya mutu, in zura siririyar roba ta jijiya har bakin zuciya."

"Kai da ko ƙugiya ba ka iya ɗaurawa?"

"To, yau dai Bakatsine zai yi su a cikin Bakabe."

Ban da tsinin allurar, bai ji wani zafi ba. Amma da aka tura ruwan da ke fito da jijiyoyi a hoto, wani ɗumi ya ratsa shi daga ƙirji har mara, ya tabbata ya yi abin kunya a gaban abokin wasa. Sai da malamar jinya ta rantse masa gadon a bushe yake, kuma kusan kowa haka yake ji, sannan ya buɗe ido.

Likita ya juyo masa da allon hoton. Dankure ya ga baƙin ruwa yana gudu, yana rabuwa rassa-rassa, sai ya manta da rigar da ke jikinsa. Ga uwar gulbi, ga ƙoramu. Kafin likita ya buɗe baki, Dankure ya nuna ya ce, "Can, dab da inda ta rabu biyu. Yashi ya tare."

"Wallahi nan ne," in ji likita. "Sai mu buɗe wurin, mu sa ɗan bututun waya ya riƙe shi."

"Buɗewa? Ba ka ga 'yan hanyoyin da ruwan ya yi ma kainai ta gehe ba?"

"Na gani. Su suka riƙe ka har yau, amma ba za su ɗauki nauyin tuƙi ba. In ta ida toshewa, Baba, ba sallama."

"Haka masu gajeren wando sunka ce."

Ya ƙi. Aka zare robar, aka ɗaure masa wuyan hannu tamau, aka ce ya sha ruwa da yawa, kada kuma ya ɗaga abu mai nauyi har mako guda. Bayan 'yan sa'o'i aka sallame su.

A mota Riskuwa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Kukan ne ya ci shi, domin bai taɓa iya jure masa ba. Suna shiga Argungu ya kawo sharaɗi. Akwai wata 'yar ƙorama da ta toshe a bayan gidansu, tsakanin gulbi da wani ƙaramin tafki. Zai buɗe ta da hannunsa. Idan tafkin ya rayu, kifi ya zauna, zai koma ya kwanta wa Bakatsine.

"Baba, da wannan ƙirjin za ka yi haƙa?"

"Da na wa kika so in yi? In wani ya haƙa, karkacewa za ta yi, ku ce ni na yi ƙarya."

Ya cika makon nan cif bai ɗaga ko buta ba, domin shi mutum ne mai kiyaye doka idan ta dace da ra'ayinsa. Sannan ya ɗauki shebur da kwando. Kullum da hantsi yakan haƙa kamu biyu ko uku, ya zauna ya dafe ƙirji, ya kori duk wanda ya zo taimako. Rana ta tara aka same shi zaune a bakin ramin, ya jingina da tudun yashin da ya tara, shebur a kan cinyarsa, rai ya yi halinsa.

Saura kamu huɗu ruwan gulbi ya sadu da na tafki.