Dashen Suruki

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da safiyar da Sahabi ya shigo buronmu, wato ofishinmu, da ganyen tumatir a hannu ba. Lokacin an gama kaka, sanyi ya fara shigowa, masu garka sun duƙufa ga dashe. Ni kuwa ina malamin gona mai kula da garake na wajen Bazaga. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara, domin wannan ba ya cikin abin da aka koya muku a lakwal, wato makaranta.

Sahabi magidanci ne mai garka guda, ba shi da wata, kuma da ita yake ciyar da gidansa har damina ta dawo. Ya ajiye ganyen a kan tebur ya ce ya fesa magani har ya gaji, abin sai gaba yake yi. Ina dubawa na gane. Fararen tabo ne a jikin ganyen, wasu kamar an ja layi a karkace, wasu sun buɗe sun bushe. Na ɗaga guda ɗaya na saita shi da hasken taga, na ce ya matso. Ga 'yar tsutsa nan kwance tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, ga baƙin kashinta a gefe.

Na yi masa bayanin da nake yi wa kowa. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka yake saka ƙwai a jikin ganye. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa, tsutsar ta huda ta shige ciki ta ci gaba da haƙa. Maganin da ake sayowa a kasuwar bakin iyaka a kan ganye yake tsayawa, ita kuwa tana ciki abinta. Sai dai ya kashe ƙwarin da suke cin ta, ya bar mata fili. Idan ta gama da ganye ta koma kan 'ya'yan.

Ƙa'idar aikinmu ita ce ba a yanke hukunci daga buro. Sai ka je ka gani da idonka, sannan ka kai wa shef, wato shugabanmu, rahoto. Na ɗauki Sahabi a moto, wato babur, muka tafi. Rabin garkarsa ya riga ya tafi, dole a tumɓuke a sake dasawa. Na leƙa garake na maƙwabtansa, duk wanda ya yi sabon dashe yana da tabon, wanda ya raini irinsa da kansa kuwa lafiya lau. Wannan ba ya buƙatar dogon tunani, cutar da dashen ta zo.

Na ce, "Sahabi, ina ka samo dashen nan?"

Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsan ƙafa. Ya ce, "Daga gida na."

"Wane gida?"

Ya kau da kai. Sai wani maƙwabcinsa ya ja ni gefe ya ce, "Malam, bar tambaya tai. Dashen surukinai na, Alhaji Barmu. Shi ka raina ma kowa iri nan wurin. Kuma ya aje mishi wani kyauta, jibi za ya ɗauka shi maida gurbin wanga da ya lalace."

Nan na fahimci inda gizo yake saƙa. Kun san kunyar suruki a ƙasar nan. Sahabi ko sunan mutumin ba ya iya kamawa, ko hanya suka haɗu sai ya kauce ya durƙusa. Ta ina zai ce masa dashensa yana da cuta? Ta ina kuma zai ƙi kyautarsa? Na tambaye shi kai tsaye abin da zai yi jibi.

Ya ce, "In ya ba ni, sai in dasa."

Wallahi raina ya ɓaci, kuma na ji tausayinsa a lokaci guda. Mutum yana kallon rami da idonsa, ya ce zai taka don kunya. In ya sake dasa wannan dashen, noman ranin shekarar ya wuce shi gaba ɗaya.

Na koma na gaya wa shef. Ya ce in rubuta rahoto, in ɗauki maigari mu je a umarci tsohon ya lalata wurin rainon. Na ce masa ranka ya daɗe, hakan zai kashe tsutsa, amma Alhaji zai san ta wajen wa maganar ta fito, kuma yaron nan ne zai kwana a ciki. Na roƙi ya bar ni in fara zuwa ni kaɗai. Ya ce, "Me ka taka?" Na ce an gaya mini Alhaji Barmu Bagobiri ne. Shef ya dube ni ya yi dariya, domin ya san ni Bazabarme ne, ko da yake a Konni na girma. Tsakaninmu da Gobirawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk abin da na faɗa wa Bagobiri, ba shi da ikon yin fushi.

Washegari da hantsi na samu Alhaji Barmu yana ban ruwa, dattijo dogo da zanensa na Gobir a kumatu. Ko sallama ban ƙarasa ba na ce, "Ashe nan bawana ya ɓoye? Tun Konni nake neman ka."

Ya ajiye bokiti ya ƙare mini kallo. "Wanga baki na Bazabarme na. Yunwa ta koro ka? Zamna in sa a kawo ma hura, na san ba ku da ita gida."

Muka taɓa wasa har muka gaji, sannan na ce, "Na ji an ce Bagobiri ya buɗe kiwon tsutsa yana raba wa mutane kyauta."

Fuskarsa ta canza. Da wani ne ya faɗi haka, da ya nuna masa hanya. Ya ce sanyi ne ya ƙona ganyen, shi da yake rainon iri tun ban san hannun damana ba. Ban yi musu da shi ba. Na tsinko ganye daga cikin dashen da ya keɓe gefe guda, na ba shi na ce ya ɗaga sama ya saita da rana. Ya daɗe yana kallo, har tsutsar ta motsa. Ya sauke hannunsa a hankali.

"Wanga da ka tsinko, na mijin ɗiyata na," in ji shi. "Shi ya turo ka?"

Na ce, "Ganye ya kawo mini. Na tambaye shi inda ya samo dashe, ya ƙi faɗa. Na tambaye shi abin da zai yi gobe, ya ce in ka ba shi zai dasa."

"Yana sane?"

"Da idonsa ya gani, kamar yadda ka gani."

Alhaji ya juya. Ya shiga rumfa ya ɗauko shebur. Da kansa ya haƙa ramin, mai zurfi yadda na ce, muka tumɓuke dashen duka muka zuba muka rufe. Na nuna masa yadda zai sake shuka a wani gefen daban, ya lulluɓe da gidan sauro don kada uwar tsutsar ta samu wurin saka ƙwai. Na koya masa jiƙa dakakkun 'ya'yan dogon yaro a tace a fesa da yamma, da tsinke duk ganyen da ya nuna tabo a binne shi, kada a watsar a bakin garka. Sauran masu garka ma na bi su ɗaya bayan ɗaya da wannan bayani.

Da mutane suka zo neman dashe, sai Alhaji ya riƙa ɗaga murya yana cewa, "Babu! Wani mahaukacin Bazabarme ya zo ya binne min shi. Ku jira sabo." Haka ya aika wa 'yarsa ta gaya wa mijinta. Ni kuwa na karɓi laifin hannu bibbiyu, har yau wasu a can da wannan suke tsokanata.

Sahabi ya dasa sabon dashen a makare, amma ya ɗebi tumatir, gidansa bai rasa abinci ba a ranin nan.

Abin da na koya shi ne, gane cuta shi ne ɓangare mai sauƙi a aikinmu, ganye da hasken rana sun isa. Mai wuyar shi ne gano wanda al'ada ta ba bakin faɗa, domin sau da yawa wanda ya fi kowa sanin gaskiyar shi ne ba shi da ikon furta ta. Alhaji Barmu ya rasu daga baya, Allah ya jiƙansa. Na tambayi Sahabi wajen gaisuwa ko sun taɓa yin maganar da shi. Ya ce ko sau ɗaya ba su yi ba, sai dai tun daga shekarar, duk dashen da tsohon zai aiko masa, sai ya ɗaga ganyen ya duba da rana tukuna.