Inci Biyu a Cikin Kalmasa

A duk layin kasuwar, Inci-Biyu ake kiransa, Allah ya jiƙansa. Tela ne, shagonsa bai fi taku huɗu ba: keke ɗaya, benci ɗaya, da madubi mai tsaga a kusurwa. Sunan ya samo asali ne daga ɗabi'arsa ta ɓoye rarar yadi inci biyu a cikin kalmasar duk rigar da ya ɗinka, ko ta ɗan shekara saba'in ce. In an yi masa ƙorafi sai ya ce shi bai taɓa auna mutumin da ya gama girma ba.

Aji biyar kawai ya yi a makaranta, amma shekara arba'in na awo sun sa ya tsara wa ɗan Adam matakai, kuma ko ba ka tambaya ba sai ka ji su. Jariri, in ji shi, sa masa ake yi, nasa miƙa hannu. Ɗan shekara uku ya ce shi zai sa da kansa, ya ɓalla maɓalli a karkace, kuma duk wanda ya gyara masa ya cuce shi. Ɗan shekara bakwai aljihu yake so. Saurayi madubi yake wa ɗinki. Magidanci yakan zo da awon 'ya'yansa a igiya, ya manta nasa. Tsoho kuwa, a dai sakar masa wuya.

Autarsa da ta yi kwalejin malamai ta taɓa kawo masa littafi, ta ce masana ma sun yi irin wannan rabon, amma nasu ya fi nasa yawa. Ya juya littafin gaba da baya, ya tambaya ko masanan sun taɓa auna wuyan mutum. Da ta ce a'a, ya miƙa mata abinta cikin tausayi.

Sai hannunsa ya fara rawa. Zare ya daina shiga allura, almakashi ya daina bin alli. Daga baya maɓallan rigarsa ma suka gagare shi. Mutumin da ya tufatar da rabin unguwa ya ga ana shirin tufatar da shi, sai ya ƙi. Yakan kulle ƙofar ɗaki ya yi ta fama, autar na tsaye a waje tana jin nishinsa. In ya fito, wuyan riga ɗaya na sama ɗaya na ƙasa.

Rannan maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, wanda suka yi shekara talatin suna gardama a benci ɗaya, ya kai hannu zai gyara masa. Autar ta riƙe hannun.

"Kawu, bar shi. Ɗan shekara uku ne, ba a gyara musu."

Inci-Biyu ya harare ta, ya harari abokin, dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ce an haɗa kai an doke shi da sandarsa.

Haka ya yi wata huɗu yana yawo a karkace, kuma babu wanda ya tanka a layin. Amma faman na cinye masa ƙarfi. Wata rana sai an yi azahar yake fitowa, wata rana ba ya fitowa sam, benci ya wuni da mutum ɗaya.

Wata safiya autar ta tarar da ƙofa a buɗe. Yana zaune a bakin gado, riga a cinyarsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaga hannuwansa biyu sama.

"Zo ki sa mini, uwata. Abokina na jira."

Tana ɓalla masa maɓallan tana tsokanarsa cewa ya koma matakin farko. Ya ce a'a, jariri bai san kunya ba balle ya ajiye ta. Wannan mataki na bakwai ne, bai taɓa auna shi ba sai yau. Ya ce ta rubuta ta kai wa masananta.

Ya samu wata biyu cif a kan bencin, rigarsa daidai wa daida, yana kayar da mai rediyo a gardama.

Bayan rasuwarsa, mai rediyo ya ɗauko rigar ƙarshe da telan ya ɗinka masa, ya shafa kalmasar. Inci biyun na nan. Har yau bai bari an warware ba.